Gidajen zuhudun da Luther bai rufe ba

Saratu: Salama alaikum jama'ar zaure. Baba Fasto, ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tambaya na kawo, kuma kai na fi so ka fara amsa mini.

Asabar ɗin da ta wuce ba ni da aiki a asibiti, sai na hau jirgin ƙasa daga Hanover, nan Jamus, zuwa Celle, daga can na shiga bas zuwa wani ƙauye a bakin kogin Aller, sunansa Wienhausen. Akwai tsohon gidan zuhudu na mata a wurin, an kafa shi wajen 1230. Ginin jan bulo ne, dogo, ga itatuwa kewaye da shi. Wata dattijuwa mai furfura ce ta zagaya da mu, da ɗaurin mabuɗai a hannunta. Ta hau da mu bene zuwa ɗakin da matan gidan suke sujada. Bango da rufi duk zane ne, ba a bar ko faɗin tafin hannu ba, tun daga halittar duniya har zuwa rayuwar Yesu. Kujerun katakon da suke zama suna rera Zabura suna nan. A 1953 aka ɗaga katakon da ke ƙarƙashin kujerun, aka tarar da abubuwan da suka shekara ɗaruruwa a cikin ƙura: 'yan littattafan addu'a, ƙananan hotuna, da tabarau. Na daɗe tsaye a gaban tabarau ɗin nan. Gilashi biyu ne a cikin katako, an haɗa su da ƙusa guda a tsakiya, babu hannun da ake maƙalawa a kunne, sai dai a ɗora a hanci a tallafe. Na ƙarni na 14 ne, suna cikin mafiya tsufa da suka rage a duniya. Sai nake ta tunanin matar da idonta ya raunana amma ta ƙi barin karatu.

Da za mu fita na tambayi dattijuwar ko ita sistar Katolika ce. Ta ce a'a, ita 'yar Lutheran ce, a gidan take zaune, kuma har yau suna da shugaba mace. Baba, na yi shiru. A makarantar Lahadi a Numan abin da na riƙe shi ne Martin Luther, wanda cocinmu na Lutheran ke ɗauke da sunansa, ya bar gidan zuhudu, ya auri wadda ta gudo daga gidan zuhudu, shi ke nan an rufe wannan babi. To waɗannan daga ina?

Baba Fasto Yohanna: Alaikissalam 'yata. Ƙafa da sauƙi, mun gode wa Ubangiji. Gani ya kori ji. Abin da aka koya muku ba ƙarya ba ne, rabin labari ne.

Luther ya shiga gidan zuhudu a Erfurt a watan Yuli na 1505, mahaifinsa bai so ba. Ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, ya yi ta furta zunubansa, zuciyarsa ba ta kwanta ba. A 1521, yana ɓoye a ganuwar Wartburg, ya rubuta littafi a kan wa'adin da 'yan zuhudu ke ɗauka, ya sadaukar da shi ga wannan mahaifi nasa. Abin da ya yaƙa a ciki shi ne mutum ya ɗauka rantsuwar ƙin aure da talauci da biyayya ita za ta saya masa ceto, ko ta ɗaukaka shi a gaban Allah sama da manomi da uwa mai goyo. A koyarwarmu ceto kyauta ne, ta wurin bangaskiya ake karɓarsa. Rantsuwar da aka yi don sayen abin da ba na sayarwa ba, ya ce ba ta ɗaure kowa.

Katharina von Bora kuma, wadda ya aura, tun tana yarinya ƙarama aka kai ta gidan zuhudu, tana da shekara 16 ta yi wa'adi. A lokacin Ista na 1523 ita da mata 11 suka fice daga gidan Nimbschen da taimakon wani ɗan kasuwa na Torgau, Leonhard Koppe. A watan Yuni na 1525 Luther ya aure ta, suka zauna a cikin ginin gidan zuhudun da ya taɓa zama a Wittenberg, suka haifi 'ya'ya shida a can.

Amma bai ce a kori wanda yake son zama ba. A 1523, a gabatarwar da ya yi wa tsarin asusun jama'a na garin Leisnig, ya ce mai son fita ya fita, mai son zama a ciyar da shi har mutuwarsa, a dai daina ɗaukar sababbi. A 1532 mutanen Herford suka taso wa wasu 'yan'uwa maza da mata masu zaman tare, shi da kansa ya rubuta wa majalisar garin cewa a ƙyale su da gidansu da tufafinsu, tun da bishara suke koyarwa kuma zamansu na mutunci ne.

Katikis Bulus: Baba, ranka ya daɗe, ina girmama ka, amma yadda ka shimfiɗa maganar sai mai karatu ya zaci an yi sallama ne aka ce masu son zama su zauna. Gidan da Saratu ta je ɗin nan, ta tambayi bangonsa.

Sarkin yankin Lüneburg, Ernst, ya yi karatu a Wittenberg, yana cikin sarakunan da suka sa hannu a Shaidar Augsburg, takardar da ta bayyana bangaskiyar 'yan Lutheran, a 1530. Tun 1527 ya ɗaura niyyar mai da ƙasarsa Lutheran. Gidajen mata shida ke ƙasar: Ebstorf, Isenhagen, Lüne, Medingen, Walsrode da Wienhausen. Matan nan suka ce ba su yarda ba. A Lüne da aka turo musu mai wa'azi, tsofaffin silifas na gashi suka banka wa wuta don hayaƙi ya fitar da shi. In ya fara wa'azi su ɗauki waƙa. In an ce su yi shiru su jawo carbi. A Medingen shugabar gidan ta jefa fassarar Luther da aka aiko mata a wuta. Sarki ya rushe wani sashe na gidan, a 1542 wadda ke shugabanci a lokacin ta kwashe takardun gidan da kayan darajarsa ta tsere Hildesheim. A Wienhausen kuwa a 1531 ya rushe ɗakunan addu'a da dama, ya ƙwace dukiyar da gidan ke ci da ita. Sai a 1587 aka naɗa musu shugaba 'yar Lutheran ta farko, kuma sai a 1616 suka tuɓe rigar ɗariƙarsu. Lissafa daga 1527, kusan shekara 90 ke nan. Wanda ya karɓi abu da son ransa ba ya shekara 90 yana jan ƙafa.

An hana su firist, an hana su Mas, babbar sujadar Katolika. Jira aka yi tsofaffin su mutu.

Nasiru: Ikon Allah. Ni na ɗauka matan da ke irin gidajen nan duk tilasta musu aka yi, ana buɗe ƙofa za su ruga.

Katikis Bulus: Wasu haka ne, ɗan'uwa, ban musa ba. Amma da yawansu gidan nan shi ne inda mace ke karatu da rubutu da Latin, ta riƙe lissafin gonaki, ta zaɓi shugabarta da ƙuri'a. A Lüne kaɗai wasiƙu kusan 1,800 suka rage waɗanda matan suka kwafe suka adana, da Latin da Jamusancin arewa. Ka ce wa irin wannan mace mai shekara 50 ta koma gidan ɗan'uwanta ta zama nauyi a kansa? Gidajen maza sun fi saurin watsewa, don namiji in ya fita zai zama fasto ko malamin makaranta, ya yi aure. Mace fa, wane mumbari aka ba ta?

Baba Fasto Yohanna: Katikis, abin da ka faɗa ya faru, ba zan rufe shi da tabarma ba. An yi wa matan nan ƙarfi, kuma ƙarfi a sha'anin bangaskiya zunubi ne ko wa ya yi shi. Mu da muke cewa lamirin mutum a hannun Maganar Allah yake, mu ne ya fi kamata mu ji kunyar wannan.

Ina so dai ka ƙara da labarin Nuremberg. A 1525 majalisar garin ta matsa wa gidan zuhudun da Caritas Pirckheimer ke shugabanta, har iyaye suka zo suka fizge 'ya'yansu mata daga ciki suna kuka. Da Melanchthon, hannun daman Luther, ya zo garin a ƙarshen shekarar, ya zauna da ita suka yi doguwar magana, ya fito ya gaya wa majalisa cewa amfani da ƙarfi ba daidai ba ne. Daga nan aka sassauta musu.

Katikis Bulus: An sassauta, amma an hana su ɗaukar sababbi, har ta ƙarshensu ta rasu kafin ƙarnin ya ƙare. Gida ya mutu a tsaye.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Baba Fasto, Katikis, ku ba ni wuri in tsoma baki, ni da ba na cikin ɗayanku. Tarihin Turai nake koyarwa, kuma kullum ina gaya wa ɗalibaina in aka ga ana rigima a kan gidan ibada, a duba gonar da ke bayansa.

Gidajen nan ba ɗakunan addu'a kawai ba ne. Suna da gonaki, dazuzzuka, tafkunan kifi, injinan niƙa, da ƙauyuka sukutum masu biya musu haraji. Na yankin Lüneburg har da hannun jari a rijiyoyin gishirin garin, wanda shi ne arzikin wurin. Duk sarkin da ya bar Paparoma, tambayar farko da ke gabansa ita ce wa zai ci wannan dukiya. Amsoshin suka bambanta, kuma bambancin nan ne ya sa Saratu ta tarar da dattijuwa da mabuɗai maimakon kango.

A Ingila, Henry na VIII tsakanin 1536 da 1540 ya rufe gidaje fiye da 800, ya sayar da filayen ga manyan ƙasa, aka ɓamɓare darmar rufi aka narkar. Da yawansu abin da ya rage yau bango ne babu rufi. A Jamus kuwa ba sarki ɗaya ba ne, ƙananan sarakuna ne birjik, kowa da lissafinsa. Philip na Hesse a 1527 ya rufe na ƙasarsa, ya kafa jami'ar Marburg da wani kaso na dukiyar, a 1533 ya mai da gidan Haina asibitin talakawan karkara, kuma har yau akwai asibiti a wurin. Moritz na Saxony a 1543 ya mai da gidan Pforta makarantar kwana. Christoph na Württemberg a 1556 ya mai da manyan gidajen maza na ƙasarsa makarantun rainon fastoci, yara suna kwana a ginin sufaye, suna tashi da ƙararrawa, suna rera addu'a a kan lokaci. Maulbronn, wanda aka kafa a 1147, yana cikinsu. A can Johannes Kepler ya shiga a 1586, yaro mara gata wanda mahaifinsa sojan haya ne da bai cika zama gida ba. Da kuɗin gonakin sufaye aka ciyar da shi har ya wuce jami'ar Tübingen, ya zama mutumin da ya gano yadda duniyoyi ke kewaya rana. Makarantar tana nan har gobe, UNESCO ta sa gidan cikin kayan tarihin duniya a 1993.

Wadda ta fi burge ni ita ce Elisabeth ta Calenberg. Mijinta ya rasu a 1540, ta riƙe wa ɗanta ƙarami sarauta. A 1542 ta fitar da tsarin coci na Lutheran, amma ta ce dukiyar gidajen zuhudu ba za ta shiga baitulmalin sarki ba, a ware ta daban don coci da makaranta da gajiyayyu. Wannan warewa ce asalin hukumar da aka kafa a 1818, Klosterkammer ta Hanover, wadda ke kula da gidajen Calenberg biyar, tana kuma ɗauke da nauyin na Lüneburg shida, daga kuɗin haya da gonaki da daji. A harshenmu waƙafi ke nan: asali ba ya sayuwa, amfaninsa ake ci.

Akwai kuma dalilin da ba na addini ba. Manyan gidajen sarauta suna da 'ya'ya mata da ba duka za su samu miji daidai su ba. Iyayen sun zama Lutheran, amma ba su yarda a rufe inda 'ya'yansu za su zauna cikin mutunci ba. Sarki yana bukatar manyan nan su yarda masa da haraji. Sai aka daidaita.

Hajiya Rabi: Malam, sannu da ƙoƙari, na ƙaru. Amma tun da ka kira shi waƙafi, bari in tambaye ka da abin da muka sani. A wurinmu sharaɗin mai waƙafi ba a taɓa shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya bar gona a Damagaram ya ce amfaninta na almajiran tsangayar unguwarmu ne. Ko ni da na fito daga cikinsa ba ni da ikon in ce yau na ga asibiti ya fi, a juya. To waɗanda suka ba gidajen nan filaye tun shekara 300 kafin Luther, me suka ce a yi da su? In sun ce a yi musu addu'a ne bayan ransu, sannan aka zo aka daina, aka ci gaba da cin gonar, ai an ci amanar mamaci, ko da yaron kirki aka ciyar da ita.

Katikis Bulus: Hajiya, Allah ya saka miki. Nan ne ƙashin maganar. Akasarin takardun kyautar abin da ke cikinsu ke nan: na ba da gona kaza don a riƙa yi wa raina da na iyayena Mas. Su kansu masu kafa gidajen a ciki ake binne su don a riƙa tunawa da su kullum. Agnes da ta kafa Wienhausen a can kabarinta yake.

Baba Fasto Yohanna: Hajiya, tambayarki mai nauyi ce, kuma mutanen wancan zamani sun ji nauyinta. Amsarsu kashi biyu ce. Ta farko ta koyarwa: mu ba mu yarda hadayar Mas tana rage wa mamaci azaba ba, don haka a ganinsu sharaɗin a kan kuskure aka gina shi, cika shi ba zai amfani mai kyautar ba. Ta biyu ta tarihi: Shaidar Augsburg, a sashe na 27, ta ce tun asali gidajen zuhudu makarantu ne inda ake koyon Littafi Mai Tsarki ana fitar da fastoci da bishop-bishop. A 1537 Luther ya maimaita a Sharuɗɗan Schmalkalden cewa an kafa su da kyakkyawar niyya don rainon maza masu ilimi da mata masu kamun kai, a mai da su ga wannan aiki. Wato a ganinsu ba su karya niyyar masu kyauta ba, komawa suka yi ga tushenta. Kuma a wancan rubutu na Leisnig ya ce in magadan mai kyauta sun talauce, a mayar musu da wani kaso.

Hajiya Rabi: Baba, na ji, kuma maganar mayar wa magada ta kwanta mini. Amma ta farkon ba ta gamsar da ni ba. Mai gona ya mutu yana gaskata abin da ya gaskata. Wanda ya zo baya ya ce na fi ka sanin abin da ya kamata ka nufa, alhali shi ne kuma zai riƙe gonar, alƙali ke nan a shari'ar da yake da rabo a ciki.

Malam Habibu: Hajiya ta kama jijiya. Ni dai abin da zan ƙara, a tarihi ba tsakanin tsohon sharaɗi da sabo kaɗai aka yi zaɓi ba. A 1525 manoma da suka yi tawaye sun ƙone gidajen zuhudu da yawa, don a wurinsu gidan shi ne mai karɓar haraji da aikin tilas. Wasu sarakunan kuma sun haɗiye dukiyar suka biya basussukansu. A gefen waɗannan, abin da Elisabeth ta yi ya fi kusa da riƙon amana, ko bai cika ba.

Kuma shari'ar ba ta mutu da wuri ba. A 1629, tsakiyar Yaƙin Shekara 30, Kaisar Ferdinand na II ya ba da doka cewa duk dukiyar coci da aka karɓe bayan 1552 a mayar wa Katolika. Sufaye suka koma Maulbronn, aka sallami 'yan makaranta. Sai sulhun Westphalia na 1648 ya yanke cewa a dubi shekarar 1624, wanda yake riƙe da wuri a ranar farko ta shekarar, nasa ne. Da kalanda aka raba gardamar da malamai suka kasa rabawa.

Nasiru: Malam, don Allah, gidan zuhudun nan kamar zawiya ne?

Malam Habibu: Suna kama ta wani gefe, Nasiru: shugaba, almajirai, wuridi a kan lokaci, ciyar da baƙo. Amma ɗan zawiya yana aure, yana kasuwa, yana komawa gidansa. Su waɗannan ruhubanawa ne, sun rantse ba aure, ba mallaka, ba barin gidan har mutuwa. Alƙur'ani ya ambaci ruhubananci a Suratul Hadid, aya ta 27, cewa su suka ƙaga shi don neman yardar Allah, ba a wajabta musu ba, kuma ba su kiyaye shi yadda ya kamata ba. A Suratul Hajji, aya ta 40, ɗakunan ruhubanawa suna cikin wuraren ibadar da aka lissafa waɗanda da an rushe su ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba. Sayyidina Abubakar ma da zai tura runduna Sham ya yi wasiyya a ƙyale waɗanda suka keɓe kansu a irin ɗakunan nan. Shi ya sa labarin rushe ɗakunan addu'a a Wienhausen ya sosa mini rai, duk da ba addinina ba ne.

Saratu: Na gode muku duka, tun ɗazu nake karantawa a ɗakin hutu. Baba, to na maza fa, akwai wanda ya rage a matsayin gidan zuhudu, ba makaranta ko asibiti ba?

Baba Fasto Yohanna: Akwai, 'yata, kuma yana kusa da ke. Loccum, yamma da Hanover. Sufayen ɗariƙar Cîteaux, masu farar riga, suka kafa shi a 1163, daga gidan Volkenroda suka taso. Shi ba a rufe shi ba ko sau ɗaya. A hankali mutanen gidan suka karkata, a 1593 shugaban da 'yan majalisarsa suka karɓi Shaidar Augsburg, suka ci gaba da zama da dukiyarsu da zaɓen shugabansu. An bar rantsuwar har abada, amma an daɗe ana riƙe da rashin aure ga shugaban, har cikin ƙarni na 19. Matasan da suka gama karatun tauhidi suna zuwa su zauna kafin a ba su ikkilisiya, daga nan aka samu makarantar horon fastoci da ke wurin tun 1820. Shugaban Loccum har yau yana da sanda da doguwar hular bishop a ranakun biki, kuma ƙirgen shugabannin daga 1163 yake tafiya ba a yanke ba. Na yanzu, Bishop Ralf Meister, shi ne na 65.

Katikis, ga wanda zai yi maka daɗi. Gerhard Molanus, da ya shugabanci gidan daga 1677 zuwa 1722, ya shekara da shekaru shi da masanin falsafa Leibniz suna neman hanyar da za a sake haɗa Lutheran da Katolika, har rubutunsa ya kai hannun Bishop Bossuet na Faransa. Bai yiwu ba, amma daga wannan gida aka nema.

Mu ma muna da igiyar da ta haɗa mu da wurin. Hanns Lilje, wanda 'yan Nazi suka ɗaure a 1944, ya zama Bishop na Hanover a 1947, shugaban Loccum a 1950, sannan shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 1952 zuwa 1957. Kujerar Tarayyar nan ita ce Akbishop ɗin cocinmu na Lutheran a Nijeriya (LCCN), Musa Panti Filibus, ya hau a Windhoek a 2017 ya riƙe har 2023. Lokacin da ɗan mishan Dokta Brønnum ya iso Numan daga Denmark a 1913, wa zai ce haka za ta kasance?

Akwai kuma Amelungsborn, na 1135, wanda ya zama Lutheran a 1568. A 1960 aka farfaɗo da shi, maza masu sana'o'insu da iyalansu suna zuwa lokaci-lokaci su yi kwanaki suna addu'o'in sa'o'i tare.

Katikis Bulus: Baba, labarin Molanus ya yi mini daɗi, Allah ya sani. Amma zan tsaya a kan bakana. Sanda da hula da ƙirge ba su ne zuhudu ba. Zuhudu shi ne mutum ya miƙa ransa dungurungum, ya ƙone jirgin komawa. Inda babu wa'adi, abin da ke nan gidan haya ne na masu tsoron Allah. Yana da kyau, ban raina ba, amma a kira shi da sunansa.

Saratu: Katikis, bari in faɗi abin da na gani, kai ka yanke. Matan da ke Wienhausen yau ba su yi rantsuwar har abada ba. Mata ne marasa miji, wasu ba su taɓa aure ba, wasu mazan sun rasu, akasari sun gama aikinsu na duniya kafin su zo. Kowace da ɗakunanta da tukunyarta. Suna haɗuwa a sujada, suna karɓar baƙi, suna kula da kayan gidan. Dattijuwar nan da ta kai mu gaban manyan kilisan da matan dā suka yi wa ado da zaren ulu, ba ta ce "su" ba, cewa take "'yan'uwanmu na dā". Na lura da wannan har sau uku. Ta san sarai waɗancan Katolika ne, ta san abin da sarki Ernst ya yi musu, ita ta ba mu labarin rushe-rushen da bakinta, ba ta sassauta ba.

Kuma na ga abin da zamansu ya tsare. A Ebstorf, ɗaya daga cikin shidan, wata taswirar duniya ta wajen 1300 ta kwanta a ɗakin ajiya har aka gano ta wajen 1830, fatar awaki 30 aka ɗinke, kowane gefe ya haura mita uku da rabi. Ta tsira shekara 500 a hannun matan. Da aka kai ta Hanover don a adana, bam ya ƙone ta a 1943, kwafinta kawai ya rage. Da an watse gidajen nan irin na Ingila, da tabarau ɗin da na gani da zanen rufin duk sun bi ruwa.

Katikis Bulus: Wannan na yarda da shi, 'yar'uwa. Amma ki lura wa ya tsare su tun farko. Matan da suka ƙi fita ne. Da sun bi umarni sun watse a 1527, da babu gidan da 'yan Lutheran za su gada. Taurin kan waɗanda aka zalunta shi ya rayar da abin da jikokin masu zaluncin ke riƙe da shi yau.

Baba Fasto Yohanna: Ban ƙi wannan ba, Katikis. Zan ma faɗa wa matasanmu haka in an gayyace ni wa'azin 31 ga Oktoba, ranar da muke tunawa da gyaran da Luther ya fara. Sunan Katharina von Bora kaɗai muke kira, ita da ta fita. Waɗanda suka zauna ma lamirinsu suka bi.

Hajiya Rabi: Ni har yanzu ina kan maganar masu gonaki. Saratu, in kin koma, ki tambayar mini dattijuwar nan ko akwai ranar da suke ambaton sunayen waɗanda suka ba da filayen, ko da ba irin addu'ar da suka nema ba ce.

Saratu: In Allah ya yarda, Hajiya, zan tambaya. Amma Loccum zan fara zuwa, ina da hutun kwana biyu a ƙarshen wata. Baba, me zan duba?

Baba Fasto Yohanna: Ki je da rana ki zaga, amma kada ki yi saurin komawa. Da yamma suna kaɗa ƙararrawa a yi gajeriyar addu'a a cikin babbar majami'ar, kowa na iya shiga. Ki zauna kusa da kujerun sufaye, ki saurari yadda ake karɓa-karɓar Zabura tsakanin gefe da gefe. Ki rubuto mini lambar Zaburar da suka karanta ranar, in buɗe tawa ta Hausa a nan in karanta.

Katikis Bulus: Ki turo lambar a nan zaure, Saratu, ba ga Baba kaɗai ba. Ni ma zan buɗe tawa.